Ƙauyen Aro: Tarihin Asibitin Da Ya Ɗauki Sauraron Mara Lafiya A Matsayin Magani



A daminar da ta wuce na raka wani yaro namu asibiti. Ɗan acaɓa ne, matashi, bai daɗe da zuwa kudu ba. Abokan kwanansa suka ce ya yi mako uku ba ya fita aiki, ba ya cin abinci sai an matsa masa, da dare kuma idonsa biyu har asuba. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce ƙwaya ce, wasu suka ce a sa shi a mota a mai da shi gida a ɗaure. Likitar da muka samu ba ta jin Hausa, shi kuma ba ya jin Yarabanci balle Turanci, ga layi har bakin ƙofa. Na yi tafinta, ta yi tambaya uku ko huɗu, ta rubuta magani, muka fito.

Sai a hanyar dawowa, muna cikin mota, ya buɗe baki da kansa. Ashe mahaifiyarsa ce ta rasu wata biyu kafin nan, bai samu jana'iza ba don ba shi da kuɗin mota, kuma a makon ne aka karɓe babur ɗin da yake biyan kuɗinsa kaɗan-kaɗan. Duk tsawon mako ukun nan babu wanda ya zauna ya tambaye shi abin da ya faru. Ni ma da na raka shi ban tambaye shi ba.

Ban ga laifin likitar ba, domin mutum ɗaya ce a gaban jama'a masu yawa. Amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya dace in kawo muku tarihin wani wuri da da yawanmu mun san sunansa amma ba mu san labarinsa ba, wato Aro da ke Abeokuta. A yau in aka ce an kai wane Aro, dariya ake yi ko a kama baki. Alhali kuwa shekara 70 da suka wuce an yi wani aiki a wurin wanda likitocin duniya suka yi ta zuwa gani, kuma ginshiƙinsa shi ne a bar mara lafiya cikin mutane, a ji ta bakinsa da ta bakin danginsa.

Yadda abin yake kafin Aro

A zamanin Turawa, abin da gwamnati ta tanadar wa mai taɓin hankali shi ne wurin tsarewa. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, aka buɗe na Yaba a Ikko a 1907. A 1916 aka kafa dokar da ta ba hukuma ikon kama mutum ta tsare shi idan aka ce ya haukace. Inda babu irin waɗannan gidaje kuwa, kurkuku ake kai shi, a ware masa ɗaki kusa da ɓarayi da masu kisan kai. Abin da ya dami hukuma shi ne kada ya tayar wa jama'a da hankali a kasuwa ko a titi. Batun ya warke ya koma gida ba shi ne a gaba ba.

A Abeokuta ma da haka aka fara. A 1944 aka mai da wani tsohon kurkuku da ke Lantoro wurin ajiye sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da ciwon ƙwaƙwalwa. Mu 'yan Arewa wannan yaƙi ba baƙonmu ba ne, domin da yawa daga cikin sojojin da aka kai Bama kakanninmu ne, har Hausa ta zama harshen bariki. Mutane ne da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, suka dawo ƙirjinsu cike da labari, aka tarbe su da katanga.

Akwai kuma wata fahimta da ta ɗaure wa wannan tsari gindi. Wani likita Bature mai suna Carothers, wanda ya yi aiki a asibitin Mathari da ke Nairobi, ya rubuta wani littafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1953. A ciki ya yi da'awar cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta kai ta Bature ba, har ya kamanta ta da ta Baturen da aka yi wa aiki aka taɓa gaban ƙwaƙwalwarsa, kuma wai ciwon damuwa ba kasafai yake kama mutumin Afirka ba. To wanda ka riga ka yanke cewa ba ya zurfin tunani, me zai sa ka ɓata lokacinka kana sauraronsa?

Zuwan Lambo

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abeokuta a 1923. Ya yi sakandare a makarantar Baptist ta maza da ke garin, ya tafi Ingila ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham, sannan ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya zama ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa irin na zamani. A 1954 ya dawo gida aka damƙa masa sabon asibitin Aro, wanda a lokacin ko gininsa ba a gama ba.

Ga likita, ga marasa lafiya suna ta zuwa, amma babu ɗakunan kwantarwa, ma'aikata kuma 'yan kaɗan. Wani da sai ya naɗe hannu ya jira 'yan kwangila. Lambo kuwa sai ya nufi ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya zauna da dattawansu, ya roƙe su su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a cikin gidajensu. Ba abu ne mai sauƙi ba, domin kowa yana tsoron mai taɓin hankali ya kwana kusa da matansa da 'ya'yansa. Amma a ƙarshe suka amince, kuma a watan Oktoba na 1954 aka fara abin da aka sani da tsarin ƙauyen Aro. Daga baya ya game ƙauyuka huɗu, waɗanda ke iya ɗaukar marasa lafiya 200 zuwa 300 a lokaci guda.

Sharaɗin farko shi ne ba a karɓar mara lafiya shi kaɗai. Dole ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo ko wani makusanci, wanda zai zauna tare da shi, ya dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti da safe, ya dawo da shi ƙauye da rana. A asibiti ana ba shi magungunan da ake da su a wancan zamani, ƙwayoyi da allurai, har da jiyyar lantarki. Bayan haka akwai aikin hannu da noma. Ma'aikatan jinya kuma suna cikin ƙauyukan dare da rana, ko da wani abu zai taso. Su ma mutanen ƙauyen ba su tashi a tutar babu ba: sun samu kuɗin haya, an jawo musu ruwan famfo, an gyara tsabtar muhalli, an ba wasu rance su ƙara ɗakuna, asibiti kuma yana zama da dattawansu a kai a kai don jin ƙorafinsu.

Ina sauraro ya shigo?

Idan aka kulle mutum a ɗaki, abin da likita zai sani game da shi bai wuce abin da ya gani cikin 'yan mintocin zagaye ba: yana surutu ko ya yi shiru, ya ci abinci ko bai ci ba. A ƙauyen Aro kuwa labarin mara lafiya yana da baki fiye da ɗaya. Mai jinyarsa ta san shi tun yana goye. Ita za ta ce ciwon ya fara ne bayan mutuwar wane, ko bayan rigimar gona, ko bayan an hana shi auren wance. Ma'aikacin jinyar da ke zaune a ƙauyen yana ganin yadda yake gaisawa da mutane, yadda yake ciniki, da wanda yake gudu da wanda yake sake jiki da shi. Shi kansa mara lafiyan yana zaune ne cikin masu jin harshensa, ya ga wasu irinsa da suka samu sauƙi, ya ji labarinsu su ji nasa. Masu jinya ma suna haɗuwa, kowace ta gane ba gidansu kaɗai wannan jarrabawa ta shiga ba. Ranar da aka sallame shi kuma, ba baƙo ake mayarwa gida ba, domin wani daga gidan ya ga komai tun daga farko, ya san maganinsa, ya san alamun da ke nuna ciwon zai tashi.

Abin da ya fi jawo wa Lambo surutu shi ne yadda ya jawo masu maganin gargajiya na Yarabawa cikin aikin. Dalilinsa shi ne mafi yawan marasa lafiyan sun biya ta wurinsu kafin su zo asibiti, kuma da harshensu suke fassara ciwonsu: wannan ya ce sammu aka yi masa, wancan ya ce maita ce, wani ya kawo mafarkin da ya tsorata shi. Likitan da ya yi tsaki ya ce camfi ne, ya rufe bakin mara lafiya ke nan, ba zai sake jin komai daga gare shi ba. Wanda ya tsaya ya ji kuwa, a cikin labarin sammun ne zai gano wanda mutumin yake tsoro, da wanda ya ɓata masa, da abin da ya rasa.

A nan ina so a fahimce ni. Ba ina kiran kowa zuwa wurin boka ba ne, addininmu ya riga ya yi mana iyaka. Darasin da nake ɗauka shi ne likita ya yarda cewa bayanin da mara lafiya yake yi wa kansa abin ji ne, ko da likitan bai yarda da shi ba. Kuma ba a Aro kaɗai aka yi haka ba. A Sudan, Dokta Tijjani al-Mahi, wanda shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasarsu, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman addini waɗanda jama'a ke kai musu marasa lafiya. A Dakar ta Senegal, a asibitin Fann, wani likita Bafaranshe mai suna Henri Collomb ya shigo da al'adar zaman dandali cikin asibiti, inda marasa lafiya da danginsu da ma'aikata ke zama wuri guda kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Sauraron ya kuma koya wa likitocin abin da ba su sani ba. Wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Aro a ƙarshen shekarun 1950, ya bibiyi masu maganin Yarabawa ya tarar suna ba masu taɓin hankali saiwar wani itace da suke kira asofeyeje. Ashe itacen ɗan'uwan wanda Turawa ke ciro wani maganin kwantar da hankali ne daga jikinsa a daidai wannan lokaci. Sai dai a irin waɗannan gidaje akwai kuma mari da bulala, abin da tsarin Aro bai ɗauka ba.

Sunan Aro ya fita duniya

A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka, kuma a Abeokuta aka yi shi. A wannan lokaci ne Lambo ya haɗa kai da Farfesa Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, suka shiga ƙauyukan Egba da cikin garin Abeokuta suna yi wa mutane tambayoyi da harshensu game da barci, da fargaba, da baƙin ciki, da ciwon jiki. Aka buga sakamakon a 1963. Abin da suka gano ya rushe da'awar su Carothers: irin damuwar da ke kama mutanen Kanada da aka yi wa bincike makamancin wannan, tana kama Bayarabe ma. Da can ba a gan ta ba ne saboda ba a tambaya ba.

A 1963 Lambo ya koma Jami'ar Ibadan a matsayin farfesa, Dokta Tolani Asuni ya gaje shi a Aro. Daga 1968 zuwa 1971 shi ne shugaban jami'ar, daga nan ya wuce Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya kai matsayin mataimakin babban darakta, ya riƙe har 1988. Ya rasu a 2004.

Gaskiya ɗaya ce, tsarin yana da iyakarsa. Wanda ba shi da dangin da za su bar gona ko kasuwa su zauna da shi wata da watanni, ƙauye bai karɓe shi ba. Wanda ciwonsa ya yi tsanani har yana iya yi wa wani rauni, dole sai an kwantar da shi. Sannan gari ya yi ta girma, musamman bayan Abeokuta ta zama babban birnin jihar Ogun a 1976. Ƙauyukan suka zama unguwanni, masu gidaje suka samu 'yan haya ma'aikata, rayuwar noma da ta riƙe tsarin ta ja baya, shi ma ya yi rauni. Asibitin Aro yana nan yana aiki a ƙarƙashin gwamnatin tarayya, amma yawancin masu ambaton sunansa a yau ba su taɓa jin labarin ƙauyen ba.

Irin da aka shuka ya tsiro a wani wuri

A 2005 wani likitan ƙwaƙwalwa a Harare ta Zimbabuwe, Dixon Chibanda, ya samu labarin wata matashiya da yake dubawa ta kashe kanta. Da ya tambayi dalilin da ya hana a kawo ta asibiti, sai aka ce ba su da kuɗin mota. Wannan ya sa a 2006 ya fara wani shiri a unguwar Mbare da tsofaffin mata 14. Aka koya musu yadda ake sauraro, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci. Mai damuwa zai zo ya zauna da kaka har sau shida, ya ba ta labarinsa, ta taimaka masa ya jero matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya, su nemi hanyar da shi da kansa zai iya bi. Ba sa cewa ciwon ƙwaƙwalwa, kalmar harshen Shona suke amfani da ita, kufungisisa, ma'ana yawan tunani. Mu ma ai haka muke cewa, wane tunani ya yi masa yawa.

A 2016 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a asibitoci 24 da mutum 573. Bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda suka samu kulawar da aka saba, rabinsu na tare da shi.

Su ma ma'aikatan asibiti suna buƙatar mai jin nasu labarin. A birnin Boston na Amurka, wani lauya mai suna Kenneth Schwartz ya kamu da sankarar huhu yana ɗan shekara 40, ya rasu a 1995. Kafin rasuwarsa ya rubuta yadda 'yar kulawar da nas ko likita ke nuna masa take sauƙaƙa masa ciwon. A 1997 aka fara wani zama da sunansa a babban asibitin jihar Massachusetts, wanda ya isa Ingila a 2009. Lokaci-lokaci ma'aikata manya da ƙanana sukan taru na awa guda, biyu ko uku su ba da labarin mara lafiyan da ya tsaya musu a rai, saura su saurara. Ba a neman mai laifi, ba a gyara wa kowa aiki. An gane cewa nas ɗin da ta haɗiye mutuwar yara goma ba ta faɗa wa kowa ba, wata rana zuciyarta za ta bushe, mara lafiya ne kuma zai ɗanɗana.

Abin da ya shafe mu

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. A watan Satumba na 2019 duk mun ga hotunan mutane sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu don sun rasa yadda za su yi. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Doka ta canza, amma ba doka ce za ta zauna kusa da ɗan'uwanmu ta tambaye shi abin da ke damunsa ba.

Mu da ke zaune a kudu, matsalarmu kishiyar ta Aro ce. Lambo ya ce kada mara lafiya ya zo sai da nasa, mu kuwa yaranmu da yawa sun zo ci-rani ne su kaɗai, uwa tana can, mata tana can, ga bambancin harshe. In ba mu tsaya a matsayin danginsu ba, babu mai tsayawa. Don haka ina gabatar wa shugabanni waɗannan shawarwari don a duba a zama na gaba.

Na ɗaya, mu rubuta sunayen maza da mata da ke jin Yarabanci ko Turanci sosai, masu riƙon amana, waɗanda za a riƙa kira su raka mara lafiya asibiti. Kuma mai rakiyar ya zauna da shi tun a gida ya ji labarin daga farko, domin ya isar wa likita cikin ɗan lokacin da za a samu.

Na biyu, mu gyara yadda muke dubiya. Mu goma mu shiga, mu yi addu'a, kowa ya kawo sunan magani, mu fita, wannan ba ya barin mara lafiya ya ce komai. Addu'a wajibi ce, amma a bar mutum ɗaya da ya yarda da shi ya daɗe, ya yi tambaya ya yi shiru. Kada da ya fara magana a tare shi da cewa ka yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga uku. Haƙurin zai fi shiga bayan ya gama faɗa.

Na uku, abin da aka ji a ɗakin mara lafiya amana ne. Ranar da ya ji sirrinsa a teburin mai shayi, ya rufe baki ke nan, shi da duk wanda ya ga abin da ya same shi.

Na huɗu, sauraro ba ya maye gurbin magani. A Aro ma tare aka haɗa su. Wanda ke jin muryoyi, ko ya daina gane mutane, ko ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, kuma kada a ɗaure shi.

Na biyar, 'ya'yanmu da ke aikin jinya da unguwarzoma da sauran ayyukan asibiti, mu daina ganin su a matsayin masu sama mana kati da gado kawai. Mu tambaye su yadda aiki yake, mu saurara.

Yaron nan da na fara da labarinsa ya ci gaba da shan maganin da likitar ta rubuta. Wani dattijo a cikinmu ya ɗauke shi yana kwana a shagonsa, suna hira bayan sallar isha'i, 'yan uwa kuma suka haɗa masa kuɗin mota ya je ya yi wa mahaifiyarsa addu'a a kan kabarinta, ya ga 'yan'uwansa. Ya dawo bayan Babbar Sallah, yanzu yana taya dattijon tsaron shago.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa masu jinya da alheri. Wanda ya ga kuskure a cikin wannan rubutu ya gyara mini, ɗan Adam ajizi ne.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya